Uku Ɗigo Biyar Biyu

Wallahi har yau in na ga 3.52 a rubuce, ko a jikin mitar wuta ne, sai na ɗan waiga in ga wa ke bayana. Lambar nan saura ƙiris ta raba ni da wayata muna aji biyar na sakandare.

Malamin lissafinmu mutum ne da bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya kalli hannunka. Da muka shiga babin log da fawa ya ce kalkuleta ba ta da wurin zama a ajinsa, kowa ya sayo fofiga, ɗan littafin nan mai layukan lambobi kamar jerin tururuwa wanda ake duba log a ciki. Baba ya ba ni kuɗin a take, don shi in dai littafi ne ba ya ja. Ni kuwa a ranar datata ta ƙare, ga shi a guruf ɗin ajinmu ana tsakiyar wata rigima mai daɗi. Kun dai gane. Na zuba data da kuɗin. Ɗan canjin da ya rage na shiga da shi wani shagon fotokwafi a hanyarmu ta komawa Ƙofar Wambai, na tambaya ko yana da fofiga. Mai shagon ya ce in jira minti biyar. Ya fita, ya dawo, inji ya yi ƙugi, ya miƙo min shafukan da ɗuminsu. Na je gida na yi musu bango da tsohuwar kalanda, na ɗinke bayan da zaren Baba, don shi tela ne, zare a gidanmu ko a cikin miya kana iya tsinta. Daga nesa ba wanda zai ce ba littafi ba ne.

Abin haushin, babin nan ni ya shige ni sosai. Ka ga x ya haye can sama ya ɗare kan lamba kamar kyanwa a kan katanga, ba ka da yadda za ka kamo shi. Sai ka ɗauki log hagu da dama, sai ga shi ya sauko gaba salin-alin. A ce uku fawa x daidai yake da 47. Ka duba log na 47, ka duba log na 3, ka raba na farko da na biyu, shi ke nan ka kama ɗan banza. Ni da nake da saurin yatsa, duba layi a fofiga kamar neman suna a waya ne.

Ranar Talata aka yi gwaji. Kafin a fara Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana buɗe fofigar kowa ko an ɓoye rubutu a ciki, in ya ga babu sai ya sa hannu da jan biro a saman shafin log. Da ya zo kaina ya ɗaga tawa da yatsa biyu, ya ce, "Wannan kuma fofiga ce ko takardar ƙosai?" Ya sa hannu ya wuce. Na gama gwajin kafin kowa, har na zauna ina kaɗa ƙafa.

Ranar Alhamis ya shigo da takardunmu, fuskar nan a murtuke.

"Ke sarauniyar latse-latse, taso. Ke ma ta bakin taga, taso."

Ta bakin taga wata doguwar yarinya ce da ke zama a layin gaba. Iyayenta 'yan kudu ne, Kirista, amma a Bauchi aka haife ta, in ta ga dama Hausarta ta fi tawa gudu, sai dai ba ta cika ganin damar ba. Na ji ana cewa mamanta tana da shago, ban san ina ba, ban kuma damu ba. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, ita ma ba kullum ba.

Malam ya rubuta 3.50 a allo. A ƙarƙashi ya rubuta 3.52 ya zagaye.

"Amsar tambaya ta uku ita ce ta sama. Wasu sun samu. Wasu sun samo shirme, kowa da kalar nasa, har da wadda ta samo ɗari da wani abu, Allah ya shirye ta. Amma ta ƙasan nan mutum biyu ne kacal. Tambaya ta huɗu, biyu fawa x daidai da 50, amsa 5.64. Mutum biyu sun rubuta 5.67. Su wa? Su ne dai." Ya kalle ni, ya kalle ta. "In amsa daidai ce ba na mamaki, hanya ɗaya ce kowa ya biyo. Amma ku faɗa rami ɗaya har sau biyu, a daidai wuri ɗaya? Ni za ku yi wa?"

Na ce, "Malam wallahi tallahi…"

"Ajiye rantsuwar, za ki buƙace ta ranar Litinin. Ke ba an taɓa kama ki da waya a cikin safa ba?"

An taɓa. Sau ɗaya ne, kuma tun muna aji huɗu, amma a wurin Malam kamar jiya ne. Ya ba kowaccenmu wasiƙa, iyaye su zo Litinin da safe.

Tun kafin in koma kujerata na gama yanke hukunci. Ita ce. Ai ita Malam ya sa ta tattara takardu ranar gwajin, kuma tawa ce ta farko da ta karɓa tunda ni na fara gamawa. Daga bayan aji zuwa teburin Malam taku nawa ne? Ya ishi mai ido ta leƙa lamba biyu, ta koma ta gyara tata. Masu shiru-shirun nan su ne abin tsoro.

Da la'asar na sami Baba a zaure kan kekensa yana kafa aljihun wata riga. Ya karanta wasiƙar sau biyu, ya cire tabarau, ya miƙo hannu.

"Kawo."

"Baba ba da wayar na je makaranta ba fa, ka tambayi Umma."

"Ban tambaye ki ba. Kawo."

Ya jefa ta a aljihun keken, cikin su maɓalli da tsofaffin allurai, ya murɗa ɗan makulli ya zura a aljihunsa.

"Litinin in na je aka tabbatar min satar amsa kika yi, Gwaggonki ta Zungur ta daɗe tana neman waya mai tocila."

Na shiga uku. Wayata, da hotunana, da sitikun da na shekara ina tarawa, a ce ta ƙare a hasken duba kaji a akurki. Kuma Baba ba ya faɗin magana ya janye.

Juma'a na je makaranta kamar mara lafiya. Babban yatsana sai motsi yake shi kaɗai a kan benci. Ban san me aka ce a guruf ba, amma daga yadda ake yin shiru in na shigo na san an ce da yawa. Kowa na kalla sai in ga kamar da bakinsa a ciki. Har ƙawata ta kusa ta ja ni gefe ta ce, "Ke dai faɗa min gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba." Ita ma na sa ta a layin waɗanda zan bincika.

Lokacin tara na tare ta bakin taga a wurin famfo.

"Ke, me na yi miki da za ki leƙa min takarda?"

Ta ƙarasa wanke hannunta tsaf kafin ta juyo. "Ni? Ke da kika wuce ta gabana sau biyu, wai ƙarin takarda, wai feƙe fensir? Biro muke rubutu da shi, fensirin me kike feƙewa?"

"Na zana layi ne."

"Layin me a tambayar log?"

"To ke me ya sa kika daɗe a hanya da takardata a hannu?"

"Takalmina ne ya cire."

"Tab! Ya san lokacin cirewa."

"In zan kwafa," ta ce, tana yarfe ruwa, "ai sai in nemi wadda ta iya."

Wannan ta shige ni. Ga shi ba waya balle in tura mata sitika, haka ta yi tafiyarta.

Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ɗauko tambaya ta uku. Log na 47 a takardata 1.6812. Log na 3, 0.4771. Na raba a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. 3.52. Na sake, 3.52. Na canza biro na sake, 3.52. Na ce yauwa, ga shi ni kaɗai a gidanmu ina samo ta ba tare da leƙen kowa ba, ke nan tawa ce, ita ce ɓarauniya. Sai kuma wani tunani ya zo, to me ya sa ba daidai ba ce? Nan na fara zargin Malam shi ma. Wa ya sani ko shi ne ya kwafsa yake neman wanda zai ɗora wa?

Da wayata na hannu da sakan biyu na gama, ka karkata ta gefe kawai maɓallin log ya fito. Amma tana can cikin allurai. Dole na nemi wata hanya. Na koma tambaya ta huɗu, na ga na rubuta log na 50 a matsayin 1.7076, wato log na 5 shi ne 0.7076. Sai na tuno abin da Malam ke maimaita mana har ya ishe mu, in ka ninka lambobi biyu, log ɗinsu tarawa ake yi. Biyu sau biyar goma. Log na goma kuwa ɗaya ne cif, wannan ko a mafarki na sani. To log na 2 da log na 5 in an tara dole su ba da ɗaya.

Na tara 0.3010 da 0.7076. Ya ba ni 1.0086.

Na ce, kai, takwas da shidan nan daga gidan uban wa suka fito?

Na gwada wani. Biyu sau biyu huɗu, log na 2 sau biyu 0.6020, takardata ta ce log na 4 shi ne 0.6021. Wannan ya zauna. Ke nan saman shafin lafiyarsa ƙalau, ciwon yana ƙasa. Na ɗauko rula na dinga saukowa layi-layi. A tsakanin 43 da 44, can gefen hagu, akwai wata 'yar inuwa baƙa-baƙa wadda na ɗauka dattin inji ne. Daidai nan akwai layi guda cike da lambobi amma ba lambar da ke gabansa. Na zarce ƙasa. A ƙarshen shafin ga 54 tana lilo ita kaɗai, ba komai a gefenta. Ashe daga 44 zuwa ƙasa duk lambobin gefe sun zame hawa ɗaya. In ka sa yatsa a 47, log na 48 kake karantawa. In ka sa a 50, na 51 ne.

Na daka tsalle na yi wata ƙara har Umma ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

"Ke lafiya? Kunama ce?"

"Umma ba ni ba ce, takardar ce!"

"Wace takarda?"

Nan na farga. Takardar da za ta wanke ni ita ce takardar da bai kamata a ce ina da ita ba. Na ce, "Ta makaranta," na naɗe tabarma.

Saura tambaya ɗaya, ita ta bakin taga ina ta samo nata 3.52? Zargina ya koma kan mai fotokwafi. Na ce lallai mutumin nan gurguwar fofiga yake sayar wa 'yan makaranta yana sane. Da Umma ta aike ni sayen ashana bayan azahar, na zarce can.

"Malam, dubi abin da ka ba ni. Ka kusa sa a kai wayata ƙauye."

Ya karɓa ya juya ta sama da ƙasa. "Hajiya, ni inji gare ni. Abin da aka sa masa shi yake haifowa."

"To wa ya ba ka abin da ka sa masa?"

Ya turo baki wajen shagon da ke manne da nasa. Shagon kayan masarufi ne, na sha wuce shi ban taɓa ɗaga kai ba. Na leƙa. Wa zan gani zaune a kan buhun shinkafa tana ƙulla sukari a leda? Ta bakin taga.

Ta ce, "Har nan kika biyo ni?"

Na ce, "Ɗauko fofigarki."

"Ki kwafi me kuma?"

"Don Allah ɗauko. Ki tara min log na 2 da na 5."

Ta harare ni, amma ta jawo jakarta. Littafin nata na gaske ne, sai dai ya sha duniya, na yayanta ne da ya gama makaranta tuntuni. Ta buɗe, ta tara a bayan kwalin sabulu, ta tsaya. Ta sake tarawa. Na ajiye tawa takardar kusa da nata. A nata, gefen shafin ya taɓa yagewa daga 44 zuwa ƙasa, an manne shi da salatif wanda har ya yi ruwan ɗorawa don tsufa. Inuwar da ke tawa hoton salatif ɗin ne.

"Mama!" ta kira. "Wa ya manna littafin nan?"

Mamanta ta fito daga bayan katan-katan, mace mai jiki da fara'a. "Ni ce. Ya yi kyau ko bai yi ba?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama ya yi kyau sosai, sai dai kin sauko da shi hawa ɗaya."

"Hawa ɗaya kawai? Shi ne ake kira na makaranta in rufe shago?"

"Kuma wa ya ba mai fotokwafi?" in ji 'yarta.

"Ni ce. Kina coci wajen koyon waƙa, ya ce wata yarinya tana so. In hana?"

Ta bakin taga ta juyo ta kalle ni, a karo na farko na ga haƙoranta. "To ashe dai ke kika kwafa daga wurina."

"Inji ne ya kwafa, ni saya na yi."

Muka yi ta dariya har sukari ya zube. Amma yarinyar nan ƙwaruwa ce, tana cikin dariyar ta tsaya ta ƙare wa bangon kalandata kallo.

"Babanki ya san wannan ce fofigarki?"

Na duƙa ina tattara sukarin da ya zube.

"Na gane. To ki sani, Litinin ni littafina zai wanke ni. In ba ki fito da taki ba, sai a ce ni na yi kuskure, ke kika leƙa."

Na kwana biyu ina juya maganar, ta kowace fuska haka take. In ɓoye takardar, waya ta tafi Zungur. In fito da ita, Baba ya san inda kuɗin littafi ya shiga.

Litinin a ofishin malamai, Baba na zaune da hularsa ta zuwa ɗaurin aure, Mama na gefe da makullan shago a hannu. Muka shimfiɗa fofiga biyu a tebur. Ni na yi bayani, daga biyu sau biyar har zuwa 54 mai lilo. Malam ya saurara yana lumshe ido ɗaya.

"Wa ya sani ko jiya kuka haɗa baki kuka yaga kuka manna, kuka je kuka buga?"

Ta bakin taga ta sa yatsa a saman shafinta, ta sa ɗaya a saman nawa. "Malam, wannan jan biron na waye?"

Ya sunkuya. Sa hannunsa ne na ranar Talata, a kan duka biyun. Ya ɗauko tasa fofigar daga durowa, ya jera uku, ya bi da rula. Ya yi gyaran murya.

"Rubutu nake nema ranar, ba salatif ba."

Baba ya ce, "Malam, ni ban san log ba. Amma na taɓa samun tef ɗin awo da kansa ya guntule. Duk wanda na auna da shi a satin, rigarsa ta fito da ƙarin inci ɗaya, kuma ba su san juna ba. Haka ne abin?"

"Haka ne, Alhaji. Za su sake gwajin ranar Laraba, da littafi mai lafiya."

Na fara murmushi ke nan sai na ga Baba ya ɗauki takardata. Bai kalli lambobin ba. Ya juya bayanta ya bi ɗinkin da farce.

"Wannan zarena ne. Ɗinkin kuma na wanda bai iya ba ne." Ya ɗago. "Littafin da na ba ki kuɗinsa ke nan?"

"Baba… data na sa."

Mama ta ce, "Ayya." Malam ya kalli silin, na rantse daɗi yake ji, ko ba komai ya kama wani da wani abu.

Baba ya ajiye takardar ya fita. Da aka tashi ya zo da kansa ya ɗauke ni a mashin, ba gida muka nufa ba, shagon littattafai muka je. Ya sa aka kawo fofiga biyu sababbi, ɗaya tawa, ɗaya ta 'yar Mama. Kafin ya biya ya ce, "Yi abin nan naki na biyu da biyar." Na buɗe a gaban mai shago, 0.3010 da 0.6990. Ɗaya cif. Na duba ta biyun ma, don ni yanzu ban yarda da kowace takarda ba. Mai shagon sai kallonmu yake kamar mun zo kama shi.

A zaure Baba ya buɗe aljihun keke ya fito da wayar, ya hure zaren da ya manne mata. Ya sa allura ya zaro sim ɗin, ya jefa shi cikin gwangwanin maɓalli.

"Na ce in satar amsa ce za ta tafi Zungur. Ba ita ba ce, ga wayarki. Wannan kuma na data ne, sati biyu."

Sati biyu! Ni da na gama yi mata bankwana. Na karɓa da hannu biyu, na ce Allah ya ƙara girma, Allah ya ja kwana, Allah ya kawo ɗinkin sallah buhu-buhu, har ya ce in tashi in ba shi wuri. Na shige ɗaki da gudu na faɗa kan katifa. Ba guruf, ba saƙo, ba komai, amma tana hannuna, yatsuna sun dawo gida. Na karkata ta gefe, na danna log, na danna 47.

Ta ce 1.672. Na ce ai na riga ki.